Lahadin Shekara Uku na Malam Cole

Na san wasu za su ce me ya kai ɗalibin Hausa gonar lissafi. To, labari ne na ji a bakin abokin ɗakina, ɗan Sashen Lissafi, ya tsaya mini a rai har na shiga laburare na bi diddiginsa.

Lambobi dai iri biyu ne. Akwai wadda ake iya kasa ta daidai wa daida, kamar 15, watau 3 sau 5. Akwai kuma wadda ba ta rabuwa sai da 1 ko da ita kanta, kamar 7 da 13. Wannan ni na raɗa mata suna gagara-rabo.

A shekarar 1644 wani malamin Kirista Bafaranshe mazaunin birnin Faris, Marin Mersenne, ya yi rubutu kan wata hanyar farautar gagara-rabo. Ka ɗauki 1 ka yi ta ninkawa, in ka tsaya ka cire 1. Ninki uku zai ba ka 7, ninki biyar 31, duka gagara-rabo. Amma ba kullum ake dacewa ba, don ninki 11 yana ba da 2,047, alhali kuwa 23 sau 89 ke nan. Mersenne ya jera wurare goma sha ɗaya da ya ce a nan ake dacewa, ciki har da ninki 67, wanda ke haifar da wannan dodo:

147,573,952,589,676,412,927

Bai kawo hujja ba, kuma a zamaninsa wa zai iya gwadawa? Haka zancen ya zauna fiye da shekara 200.

Sai a 1876 wani Bafaranshen, Edouard Lucas, ya nuna cewa lambar tana rabuwa. Nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. Dabarar Lucas tana iya tabbatar da cewa akwai lambobin da suka haifi dodon, amma ba ta iya faɗin su wane ne. Kamar mai bin sawu ne ya rantse ɓarawo ya shiga gari, amma bai iya nuna gidan da ya sauka ba.

Wanda ya nuna gidan shi ne Frank Nelson Cole, malami a Jami'ar Kolambiya. Ran 31 ga Oktoba 1903 masana lissafin Amurka suka yi taro a birnin Niyok, aka kira shi ya gabatar da takardarsa. Yadda Eric Temple Bell ya ba da labari, Cole ya tashi bai ce uffan ba, ya ɗauki alli ya ninka 1 har sau 67, ya cire 1. Ya koma ɗaya gefen allo ya rubuta 193,707,721 sau 761,838,257,287, ya buga da hannu. Amsa ta fito daidai da ta farko. Ya koma ya zauna, jama'a suka ɗauki tafi, ba wanda ya yi tambaya. Bell ya ce daga baya ya tambaye shi tsawon aikin, Cole ya ce ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe.

An san Bell da ƙara gishiri, saboda haka shirun da tafin na bar su a wuyansa. Lambobin kuwa ba su bukatar mai shaida. Ni kaina na buga su a bayan littafina na Nahawu, sau biyu ina kuskure, a na uku suka fito cif, duk cikin awa guda.

A duba wannan rata da kyau: haɗawa aikin awa guda, warwarewa aikin shekara uku. Yau kwamfuta kan warware lambar Cole kafin ƙiftawar ido, amma ratar tana nan, ta koma kan manyan lambobi ne kawai. A kanta Rivest da Shamir da Adleman suka gina kullen sirrin da suka fito da shi a 1977, wanda ya shiga tsaron saƙonni da kuɗin banki a intanet. A 2020 wasu masana suka warware lamba irin ta kullen mai alƙaluma 250, bayan sun haɗa ƙarfin kwamfutoci masu ɗimbin yawa. Waɗanda aka fi kulle da su kuwa alƙalumansu 617 ne.