Kuɗin Udoji da Tsadar Abinci a Nijeriya, 1974 zuwa 1976

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa tsadar abinci ba ta faɗa wa jama'a daidai wa daida, kuma ƙarin albashin Udoji ya ishe mu misali.

A shekarar 1972 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Cif Jerome Udoji domin ya duba tsarin aikin gwamnati, ya kuwa miƙa rahotonsa a 1974, lokacin da kuɗin man fetur suka cika baitulmali. Aka ɗaga mafi ƙanƙantar albashi daga Naira 312 zuwa Naira 720 a shekara, aka kuma biya ariyas tun daga watan Afrilu na 1974. Kuɗin sun shiga kasuwa a farkon 1975, alhali rumbuna ba su farfaɗo daga farin 1973 ba. A shekarar nan hauhawar farashi ta haura kashi 30 bisa ɗari.

Sau da yawa akan ce ai tsadar hatsi riba ce ga manomi. Wane manomin? Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda aka buga a 1972, ya nuna cewa matalautan manoma ba sa noma abin da zai kai su shekara. Irin wannan magidanci yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin araha, don biyan haraji da bashi. In damina ta faɗi sai ya koma kasuwa awo da tsada, yana ƙwadago a gonar wani, tasa gonar kuwa ciyawa na cinta. Mai hali shi ke saye ya ɓoye. Saboda haka duk kwabon da ya hau kan mudu, daga aljihun mai awo ya fito, ya faɗa na mai rumbu. Ga shi kuma cuta ta faɗa wa gyaɗa a daminar 1975.

A birni ma haka abin yake. Ma'aikatan kamfanoni sun yi yajin aiki har suka sami nasu ƙarin, amma ɗan dako da mai ga-ruwa ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu, abinci kuwa shi ke cinye mafi yawan abin da suke samu. A ganina, Udoji ya rage tazara tsakanin masinja da babban sakatare, amma ya faɗaɗa ta tsakanin mai albashi da marar albashi, waɗanda su ne mafi yawa. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, duk da haka shigo da shinkafa da alkama daga waje ya ci gaba da ƙaruwa.