Shahnama a Allon Wasa, da Tambayar Kanta na Kabi

Firdausi ya kammala Shahnama, wato Littafin Sarakuna, wajen shekarar 1010, cikin baitoci kusan 50,000. A ciki ne Farisawa suka adana Rustam da jarrabawarsa bakwai, da azzalumin sarki Zahhak mai macizai a kafaɗu, da tsuntsuwar nan Simurg. Yau masu ƙera wasannin bidiyo suna ɗiba daga wannan rumbu. Ra'ayina shi ne, aron sunaye da tufafi ba ya mai da almara wasa; sai an ciro dokar wasan daga cikin labarin kansa. A wannan ma'auni ƙasar Kabi tana da jari mai yawa.

Prince of Persia, wanda Ba'amurke Jordan Mechner ya fitar a 1989, sunan Farisa kawai ya ɗauka. Mugun waziri, gimbiya a kulle, kurkukun ƙarƙashin ƙasa: duk ƙamshin Dare Dubu da Ɗaya ne. Ba na ganin laifin wannan aro, domin Abubakar Imam ma ya yi irinsa a Magana Jari Ce, inda masana ke danganta akun nan mai ba da labari da tatsuniyoyin aku na Indiya da Farisa. Inda abin ya fara armashi shi ne The Sands of Time na kamfanin Ubisoft a 2003. Yarima ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma idan mai wasa ya kuskure yariman ya mutu, sai muryar ta musanta cewa haka aka yi, ta koma baya ta gyara. Ga kuma wuƙar da ke mai da lokaci baya. Salon mai ba da labari ya zama dokar wasa ke nan.

Iraniyawa da kansu sun fitar da Garshasp: The Monster Slayer, a kan gwarzon da sunansa ya zo tun a Abesta, littafin addinin Zartusht. A Janairun 2024 kuma Prince of Persia: The Lost Crown ya kai gwarzonsa Sargon Dutsen Ƙaf, mazaunin Simurg, har aka sa wa wasan muryoyi da harshen Farisanci. Dutsen Ƙaf kuwa ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna zauren malamai a ƙasar Hausa.

To, Kanta, sarkin Kabi, fa? Tarikh al-Sudan na al-Sa'adi ya kawo cewa bayan yaƙin Agadas, wajen 1516, ya ɓata da Askiya Muhammadu na Songhai a kan rabon ganima, ya ɓalle, rundunar da aka turo ta kasa tanƙwara shi. Ganuwar duwatsu ta birninsa, Surame, tana nan har yau. Mai gaggawa zai ɗora masa sulke, ya miƙa masa takobi, ya ce ga Rustam na Kabi. Wannan asara ce. Ƙarfin Kabi yana cikin fadamar Rima, wadda ke cika da damina ta hana doki wucewa, ta buɗe wa kwalekwale hanya, sannan da rani ta janye. Taswirar da ke sauya kama da kakar shekara, kowane mai ƙera wasa zai yi marmarinta, mu kuwa ƙasa ce ta ba mu ita kyauta.

Motsin jikin da wasan ke bukata ma ana yin sa a kogin Matan Fada, wurin bikin kamun kifi na Argungu. Masunci ya kwanta da ciki a kan gora, homa biyu a hannu, yana tuƙi da ƙafa, ya nitse ya taso da giwan ruwa. Babu mai shiga sai Sarkin Ruwa ya gama aikinsa an ba da izini. Kabanci, wato tseren kwalekwale da kamun agwagwa da nutso, matakan wasa ne shiryayyu. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi a jerin gadon al'adu a 2016.

Za a ce Farisawa suna da littafi guda, labarin Kanta kuwa a warwatse yake: wani a Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wani a bakin maroƙa, wani a kayan yaƙin Gidan Tarihi na Kanta a Argungu. Gaskiya ne, amma wasa ya fi littafi iya ɗaukar ruwayoyi masu saɓani, tunda mai wasa na iya bin wannan reshe yau, gobe ya bi wancan. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016 ba tare da wani Firdausi a bayansu ba.

Wahalar gaske tana ƙarni na 19. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, Kabawa suka koma Argungu, Yakubu Nabame ya sake ɗaga takobi a 1849. Zuriyar ɓangarorin biyu suna jiha ɗaya yau, ƙarƙashin masarautun Gwandu da Argungu, kuma wasa, saɓanin littafi, yana sa yaro ya zaɓi ɓangare ya harba kibiya da yatsansa. Shi ya sa nake ganin wasan farko ya tsaya a zamanin Kanta, inda abokan gaba su ne Songhai da Barno.