Guntuwar fatar da ta ba mutum ɗaya ƙarfin mutum ɗari

A shekarar 1663, shekara guda bayan rasuwarsa, aka buga wani ɗan littafi na masanin lissafin nan na Faransa, Blaise Pascal, a kan halayyar ruwa. A cikinsa ya bayyana cewa idan aka cika mazubi da ruwa aka toshe shi ruf, duk matsin da aka yi wa ruwan ta gefe guda zai isa kowane lungu na mazubin ba tare da ya ragu ba. Ya kawo misalin mazubi mai baki biyu, ɗaya ya ninka ɗaya faɗi sau ɗari, kowanne da fistin a cikinsa. Mutum guda da ke danna ƙaramin zai iya tsayar da mutum ɗari da ke danna babban.

Lissafin a fili yake. Kilo 10 a kan ƙaramin fistin zai ɗaga kilo 1,000 a kan babban. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa: kafin babban ya ɗaga da santimita guda, dole ƙaramin ya nutsa santimita 100. Abin da aka samu a ƙarfi, an biya shi da nisa. Shi ya sa bakanike yake ta buga hannun jak sau da yawa kafin taya ta rabu da ƙasa.

To, me ya hana a ƙera wannan na'ura nan take? Sai da aka shekara 132 ilimin yana kwance a takarda, kuma babban abin da ya tsare shi yoyo ne. Da zarar matsi ya yi ƙarfi, ruwan sai ya sulale ta tsakanin fistin da bangon silinda. In aka cusa abin toshiya da ƙarfi, fistin ya ƙi motsi. In aka sassauta, ƙarfin ya tsiyaye.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Joseph Bramah, maƙerin kwaɗo a Landan, wanda ya karɓi takardar mallakar injin matsa kaya da ruwa a 1795. Ana danganta dabarar da ta sa injin ya yi aiki ga matashin ma'aikacinsa, Henry Maudslay. Zobe ne na fata da aka lanƙwasa kamar kwari, aka fuskantar da bakinsa wajen ruwan. Idan matsi ya ƙaru, ruwan da kansa ne ke shiga kwarin ya buɗa leɓunan fatar, ya manna su da ƙarfe. Wato abin da ke neman hanyar fita shi ke ƙara rufe ƙofar. Sil ɗin roba da ke cikin silindar tifa da katafila a yau jikan wannan fata ne, kuma da irin wannan hikima yake aiki.

Daga nan al'amarin ya bunƙasa. William Armstrong, lauya ne a birnin Newcastle da sha'awar injuna ta raba shi da aikin shari'a, ya kafa injin ɗaga kaya a bakin tashar jiragen ruwan birnin a 1846, yana amfani da matsin ruwan famfon gari. Da ya ga ba ko'ina ake samun wannan matsi ba, sai ya ƙirƙiro rumbun ƙarfi: doguwar silinda da aka ɗora wa nauyi mai yawa. Famfo ya tura ruwa ya ɗaga nauyin sannu a hankali, lokacin aiki kuma nauyin ya sauko ya koro ruwan da ƙarfi.

A 1883 aka kafa kamfanin London Hydraulic Power Company, wanda ya riƙa sayar da ƙarfin ruwa kamar yadda ake sayar da lantarki a yau. Bututunsa sun kai kusan kilomita 290 a ƙarƙashin titunan Landan, da matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau 50, suna motsa lif na otal-otal, injunan tasha da dandamalin gidajen wasa. Bai rufe ba sai 1977. Gadar Tower Bridge da aka buɗe a 1894 ma, da ruwa da rumbunan ƙarfi irin na Armstrong take ɗaga fukafukanta, kafin a mayar da ita kan mai da lantarki a shekarun 1970. Mai ya gaji ruwa ne domin ba ya sa tsatsa, ba ya saurin daskarewa, kuma yana shafe sassan da ke goga juna.

Iska kuwa tata hanyar daban. A 1857 aka fara huda tsaunukan Alps don shimfiɗa layin dogo ta Mont Cenis, ramin da ya haura kilomita 12, wanda yanzu ya haɗa Faransa da Italiya. Da guduma da kurfi aka soma, kuma an yi zaton aikin zai ci shekaru 25 ko fiye. Injin tururi ba zai yiwu a cikin rami ba, domin hayaƙi zai shaƙe ma'aikata. Injiniya Germain Sommeiller sai ya yi amfani da ruwan da ke gangarowa daga tsauni ya matsa iska a waje, ya tura ta cikin bututu zuwa injunan huda dutse, daga 1861. Iskar da ta gama aiki ta zama abin shaƙar ma'aikata. A 1871 aka buɗe ramin.

A Amurka, George Westinghouse ya sami takardar mallakar burkin iska na jirgin ƙasa a 1869. Aibin na farkon shi ne in tiyo ya tsinke, burki ya mutu. A 1872 ya juya tsarin: faɗuwar matsi a bututu ita ce za ta sa burki ya kama. Tirela ta gaji wannan tunani, shi ya sa ba ta motsawa da safe sai iska ta taru a tankinta.

Bambancin mai da iska guda ne, kuma daga gare shi duk ƙa'idojin kulawa suka fito. Mai ba ya matsuwa sai ɗan kaɗan, don haka yana ba da ƙarfi mai yawa da motsi daidai wa daida. Katafilar haƙa tana aiki da matsin da ya kai ninki 300 na iskar sarari. Iska kuwa tana matsuwa kamar sifirin, ta dace da aikin sauri da bugu, kuma yawancin kayan aikinta ninki shida ko bakwai ya ishe su. Amma abin da ya matsu yana ɓoye ƙarfi. Tankin ruwa in ya fashe, tsagewa yake ya zubar. Tankin iska tarwatsewa yake. Dalilin da ya sa ake gwada ƙarfin tanki da ruwa ke nan.

Babban maƙiyin injin mai shi ne datti. Ratar da ke tsakanin sassan famfo da bawul ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka ƙurar da ido ba ya gani ita ke cinye su. A ƙasar da hunturu ke rufe ta da ƙura wata da watanni, mazurari mai datti, ganga a buɗe, ko filtar da ta wuce wa'adinta sun isa su kashe injin miliyoyi. Zafi mai yawa yana tsinka mai ya busar da sil. Man da ya koma kamar madara, ruwa ya shige shi. Famfon da ke kuka, ko iska yake zuƙa ko mai bai ishe shi ba.

Maƙiyin injin iska kuwa ruwa ne. Duk iskar da kwamfuresa ta matsa, laimar cikinta tana zama ruwa ta kwanta a gindin tanki, ta ci ƙarfen daga ciki, waje kuwa fenti na sheƙi. Maganinsa buɗe bawul ɗin ƙasa kullum bayan an tashi aiki, musamman da damina. A ɗiga wa kayan aiki mai kaɗan ta mashigar iska, a tabbatar bawul ɗin kariya yana buɗewa, kada kuma a yi wa tankin da tsatsa ta huda walda a mayar da shi aiki.

Akwai ƙa'idojin da rai ne a kansu. Ba a neman yoyo da hannu, da kwali ake nema, domin siririn mai da ke fita da matsi yana huda fata ya shige nama, raunin ya yi kamar tsinin allura amma ya kai ga yanke yatsa in ba a yi tiyata da gaggawa ba. Ba a kwance tiyo sai an sauke kaya an saki matsi, ko da inji a kashe yake. Ba a shiga ƙarƙashin bodin tifa ko motar da ke kan jak sai an tokare da ƙarfe ko katako mai ƙwari.

Mai karatu da ke sa hannu a takardar sayen injuna, a ma'aikata ko a kamfani, zai iya ɗaukar darasi daga waɗannan shekaru 132. Ilimin Pascal bai amfani kowa ba sai da aka sami abin da zai riƙe ruwan. Haka injin da aka saya da tsada: kwanansa yana hannun sil, filta, tsabtataccen mai da bakaniken da aka horar. Kasafin da ya manta da waɗannan ya sayi abin da zai kwanta a harabar ofis ne ciyawa ta rufe shi.