Neman Makaɗi a Kundin Laburare Idan Sunansa Ya Rabu

Ɗalibin Jega ko Aliero da ya shiga laburare neman abin da aka rubuta kan Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, yana iya fita hannu rabbana alhali littafin na kan kanta. Wani kundin Dankwairo ya rubuta, wani Dan Kwairo, domin tsofaffin kekunan rubutu ba su da ɗ da ƙ. Haka abin yake ga Narambaɗa da Sani Aliyu Ɗandawo.

Sunan Abdullahin Gwandu, malami marubucin waƙoƙi, ya fi rarrabuwa: Fodiyo, Fodio, Fuduye, ko Ibn Fudi a kundin Larabci. Don haka akan nemi suna da ƙugiya, a sake nema babu ita, a haɗe, a rabe, sannan da laƙabi. Shi kansa garin Aliero, wasu takardu Aleiro suke rubuta shi.