Laccocin Tunawa da Magabata: Tarihinsu da Hanyar Ɗaukar Nauyinsu

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun al'adar nan ta ƙungiyoyin masana, wato keɓe lacca guda a taronsu da sunan wani magabaci, tare da duba inda kuɗinta ke fitowa.

Al'adar ta yi ƙarfi ne a Ingila. Ƙungiyar Royal Society ta fara laccar Croone a 1738 da dukiyar da matar William Croone ta bari. A 1775 aka fara laccar Baker da fam 100 da Henry Baker ya yi wasiyya da su. Har yau ana gabatar da su biyun. Abin lura shi ne, tun farko an ɗora kowacensu a kan dukiya tsayayya.

A Nijeriya, Ƙungiyar Masana Tarihi, wadda aka kafa a Ibadan a 1955, ta keɓe lacca don tunawa da shugabanta na farko, Kenneth Dike, wanda ya rasu a 1983. A wannan shekara ce kuma Malam Aminu Kano ya rasu, ga shi Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero yana shirya taron tunawa da shi. Haka nan Gidauniyar Tunawa da Sardauna takan shirya lacca a kan Ahmadu Bello, wanda aka kashe a 1966.

Sai dai laccar da ba ta da asusu nata na kanta dole ta jira gudummawar gwamna ko attajiri kowace shekara. Illar wannan biyu ce. Ta farko, shekarar da hannu ya janye sai laccar ta faɗi. Ta biyu, mai lacca yakan tauna harshensa a gaban wanda ya biya kuɗin zaure, alhali kuwa an san wasu magabatan da faɗar gaskiya komai ɗacinta.

Maganin ba baƙo ba ne a gare mu. Manoman ƙasar Karaye da Rogo sun daɗe suna tallafa wa malamansu da zakkar hatsi da sadaka, shari'a kuma ta tanadi wakafi, inda ake tsare asalin dukiya a ci amfaninta. Ya kamata ƙungiyoyin nazarin Hausa su fara kafa wakafin kafin su raɗa wa lacca suna, domin da haka ne za ta rayu bayan waɗanda suka kafa ta.