Hanyar Dutsen Azbin: Matafiya da Waɗanda Suka Yi Musu Jagora

Wanda ya tashi a Dogo, cikin kwarin Korama, kudu da birnin Damagaram a kan hanyar Magarya, idonsa ya saba ne da tudun rairayi da fadama da gonakin gero. Manyan duwatsun da yakan fara gani su ne dunƙulallun nan da ke zube cikin Birni da kewayensa. Duk da haka, ƙasar Damagaram ta daɗe tana hulɗa da duwatsu na gaske, wato na Azbin, waɗanda ke farawa arewa da Agadas, tafiyar kimanin kilomita 450 daga Zindar. A can ne, bisa tsaunin Bagzan, dutsen Idukal-n-Tages yake, mai tsawon mita 2,022, wanda babu kamarsa a duk faɗin Nijar.

Abin da ya haɗa mutanen tudu da na dutse shi ne hatsi da gishiri. Lambunan Timiya da na Iferwan ba su taɓa wadatar da Azbin da abinci ba. Saboda haka, da kaka ta yi sai ayarin Kel Ewe ya keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya loda kantu da dabino, ya komo dutse ya huta, sannan ya gangaro Damargu da Damagaram har Kano, inda ake musayar kayan da gero da turkudi. Unguwar Zango ta Zindar, inda attajiri Malam Yaro ya yi suna, daga saukar waɗannan ayarori ta samo sunanta. Madugu shi ne ran tafiya. Ya san rijiyar da ke ƙafewa da rani da wadda ba ta ƙafewa, ya san mashigin da raƙumi mai kaya zai iya bi tsakanin duwatsu, ya kuma san cewa ba a kwana cikin kwari da damina, domin ruwan da aka yi bisa tsauni yakan iso da dare ba sallama. Wannan ilimi a ka yake, ɗa ya gada wurin uba.

Turawan farko da suka rubuta labarin Azbin dalla-dalla sun shigo ne a 1850: James Richardson ɗan Ingila, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, da Adolf Overweg. Tun kafin su iso, Barth ya ɗanɗana kuɗar ƙin jin magana. A watan Yuli na shekarar, kusa da Gat, a ƙasar Libiya ta yau, ya ƙudura sai ya hau dutsen Idinen, wanda mutanen wurin ke cewa fadar aljanu ce, suka kuma ƙi raka shi. Ya tafi ba jagora, ruwansa ya ƙare, hanya ta ɓace masa, har ƙishirwa ta sa ya tsotsi jinin jikinsa. Wani Buzu ne ya bi sawunsa ya tsince shi rai kwakwai mutu kwakwai. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Da suka shiga Azbin, inuwar Annur, shugaban Kel Ewe na Tintellust, suka shiga. Da yardarsa Barth ya ziyarci Agadas a watan Oktoba, kuma cikin ayarin gishirinsa suka gangaro kudu a watan Disamba. A Janairun 1851 suka rabu a Damargu: Richardson ya nufi Zindar, daga nan ya kama hanyar Barno inda ya rasu a watan Maris kafin ya kai Kukawa, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, Barth kuwa ya bi ta Tasawa da Katsina zuwa Kano. Shi ma ya sauka Zindar daga baya, daga ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. Mai karatu zai lura cewa ko taki ɗaya na wannan tafiya ba sabuwar hanya ba ce. Sawun raƙuman fatake suka taka.

Kusan shekara hamsin bayan haka sai ga wasu irin matafiya, masu bindiga. Rundunar Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya a Oktoban 1898 da raƙuma wajen dubu, ta iso Iferwan a Fabrairun 1899. Mutanen dutse suka janye dabbobinsu suka ƙi sayarwa, raƙuman rundunar suka dinga mutuwa, har Faransawa suka ƙone kayansu da hannunsu don babu abin ɗauka. Sai ƙarshen Yuli suka kai Agadas, kuma sai da suka tsare rijiyoyin gari kafin a ba su dabbobi da jagora. Sun shigo Zindar ranar 2 ga Nuwamba 1899, bayan wata rundunar ta riga ta ci garin a yaƙin Tirmini, Sarki Amadu Kuran Daga kuma ya riga mu gidan gaskiya. Tafiyar da ayari kan yi cikin ƴan makonni ta cinye musu fiye da wata takwas.

Daga nan hanyar ta soma mutuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan Turai suka koma shigowa ta bakin teku. Tawayen Kawsan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar gayyar da Faransawa suka yi sun watsa ƙauyukan dutse. Lokacin da Angus Buchanan ya taso daga Kano a 1920, ya bi ta Zindar ya hau Bagzan yana tara tsuntsaye da dabbobi don wani gidan tarihi na Ingila, kufai ya tarar a wurare da dama na arewacin Azbin. Francis Rodd, wanda ya zaga ƙasar a 1922 ya fitar da littafinsa a 1926, shi ma da bakin tsofaffi da ƴan jagora ya dogara.

Wannan al’amari ba a kanmu aka fara ba, kuma akwai darasi a yadda wata ƙasa mai nisa ta bi da shi. A Japan, wani malamin mishan ɗan Ingila, Walter Weston, ya hau manyan tsaunukan tsakiyar ƙasar, ya wallafa littafi a 1896 wanda ya sa duniya ta san su. Amma tun 1828 wani limamin addinin Buda mai suna Banryu ya riga ya kai ƙolin Yarigatake, mai tsawon mita 3,180, kuma wanda ya yi wa Weston jagora a 1893 maharbi ne ɗan ƙasa, Kamijo Kamonji. Mutanen Japan ba su zaɓi ɗaya sun yar da ɗaya ba. A kwarin Kamikochi sun kafa hoton Weston jikin dutse suna bikin tunawa da shi duk watan Yuni, sannan bukkar maharbin ta zama masaukin masu hawan dutse da ke amsa sunansa.

Mu fa? Hukumar UNESCO ta sa Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, ta ƙara da tsohon birnin Agadas a 2013, yaranmu kuma suna haddace sunan Barth a aji. Ƙalilan ne cikinsu suka ji labarin Dorugu, ɗan Dambanas ta ƙasar Kance, wanda ya bi Barth har Landan a 1855, ya kuma ba da labarin tafiyarsa da Hausa aka rubuta. Shi ya yi sa’a an samu mai alƙalami kusa da shi. Madugai da jagabai da masu masauki na Zango ba su samu ba.

Aikin ya rage ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al’adu. A Dogo da Mirya da Tanut akwai gidajen da kakanninsu suka sayar wa ayari gero, ko suka ɗaura sirdi suka bi shi. A aiki ɗalibai su tambayi tsofaffi sunayen zangon da aka kwana, da rijiyoyin da aka sha, da madugan da aka bi, a rubuta da Hausa, a jera su bisa taswira daga Korama har Bagzan. Kowace shekara masu wannan sani suna raguwa, kuma abin da aka binne da mai shi ba a tono shi. Allah ya ba mu ikon cika wannan amana.