Na'urar Zuciya da Huhu: Tarihin Daidaita Iskar Jini

A 1930, wani matashin likita mai suna John Gibbon ya kwana yana jinyar wata mata a asibitin Boston da ke Amurka, wadda gudan jini ya toshe mata jijiyar huhu. Da gari ya waye ta rasu. Tun daga ranar ya ƙudura a ransa cewa sai ya ƙera na'urar da za ta karɓi aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Shi da matarsa Mary suka shafe shekaru suna gwaji a kan kyanwoyi, daga baya kamfanin IBM ya sa hannu. Ranar 6 ga Mayu 1953, a Philadelphia, na'urar ta riƙe ran Cecelia Bavolek, 'yar shekara 18, na minti 26, har aka ɗinke ramin da ke zuciyarta.

Tura jini ba shi ne abu mai wuya ba. Wuyar tana ga aikin huhu, wato shigar da oksijin da fitar da kabon dayoksaid daidai gwargwado. In aka kwashe kabon dayoksaid da yawa, jijiyoyin ƙwaƙwalwa sai su tsuke. In aka bar shi ya taru, jini ya yi tsami. Ma'aunin tsamin lafiyayyen jini bai wuce 7.35 zuwa 7.45 ba, kuma sanyaya jikin majinyaci da ake yi lokacin tiyata yana sauya lissafin.

Da farko likitoci sun dogara ƙwarai da launin jini. Leland Clark ne ya kawo sauƙi da ma'aunin oksijin da ya fitar a 1956, sannan John Severinghaus ya inganta na kabon dayoksaid wanda Richard Stow ya fara. Duk da haka sai an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji, kafin sakamako ya dawo kuwa yanayin majinyaci ya riga ya canja. Daga baya aka samu ma'aunai da ake maƙalawa a bututun jini, irin su CDI 500 na kamfanin Terumo, masu nuna adadi a kai a kai.

Saura mataki ɗaya: kwamfuta ta karanta adadin, ta murɗa iskar da kanta. Injiniyoyi a Jamus, ciki har da Berno Misgeld, sun yi aiki a kan haka. Babban cikas shi ne jinkiri, domin in aka ƙara iska yanzu, sai jini ya zagaya kafin ma'auni ya nuna, kuma kwamfuta mai garaje za ta wuce gona da iri. Wannan bincike ya cancanci a ci gaba da shi, tunda zai rage wa ma'aikaci nauyi a lokacin da idonsa ke kan abubuwa goma. Har yau a yawancin ɗakunan tiyata, ƙwararren da ke zaune gaban na'urar ne ke daidaita iskar da hannunsa.